Shekarar da Na Kankare Motar Baba

Na san labarin da kuke ji a bakin dangi, wai ni da Baffanku Sani mun yi shekara biyu ba ma ga-maciji saboda gādon mota. Ba haka aka yi ba. Tun da yanzu ciwon gwiwa ya zaunar da ni wuri ɗaya, abin da babu mahalukin da ya taɓa iya yi mini, gara in rubuta muku da hannuna kafin wani ya ƙara wa zancen gishiri. Sani bai taɓa neman motar nan ba. Ko tuƙi bai iya ba, keke ma sai ya duba gabas da yamma kafin ya hau. Abin da ya shiga tsakaninmu fenti ne, da wata kalma ɗaya da na ƙara a kan maganar mahaifiyarmu, ba tare da ta sa ni ba.

Motar dai kun san ta, ita ce wadda ke lulluɓe a rumfar bayan gida nan Ƙaura, wadda nake hana jikokina hawa. Kakanku mai sayar da goro ne. Jirgin ƙasa ke kawo masa huhuna daga kudu, ya sauke a tasha, ya rarraba wa 'yan Shinkafi da Zurmi da ƙauyuka. A hannun wani Bature mai awon gyaɗa ya sayi motar, lokacin da mutumin zai koma ƙasarsu. Ba mota ce ta mai iyali ba ko kaɗan: kujera biyu tak, ƙofa biyu, rufin tamfol da ake naɗewa baya, ga dogon hanci, ga ta ƙasa-ƙasa har in ka zauna kamar ka miƙa hannu ka taɓa hanya. Ko huhun goro ɗaya ba ta ɗauka. Na tashi na same ta baƙa ƙirin, kuma ba baƙin kamfani ba. Baba da kansa ya shafe ta da buroshi irin na fentin ƙofa, ana ganin sawun buroshin layi-layi a jikinta, har da gashinsa guda uku da suka maƙale a murfin but suka bushe a nan. 'Yar Baƙa ake ce mata a unguwa. Ba ya fita da ita sai jefi-jefi, kuma ban taɓa ganin Inna ta shiga cikinta ba, ko ta kalli inda take. Da ya rasu sai ta zauna a hannuna, don ni ne na yi shekara talatin da wani abu ina jan lori, ni na san yadda ake lallaɓa tsohon inji. Duk Juma'a nakan tashe ta ta yi ɗumi, in zagaya da ita bayan tasha in dawo.

Kafin ku gane abin da ya faru sai kun san yadda muke da Inna. Ni ne ɗanta na fari, kuma matan zamaninsu ba sa wasa da kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ba. In na je gaishe ta sai ta kau da kai gefe, ta amsa a gajarce, in kuwa tana da saƙo sai ta ba wanda ke kusa ya gaya mini alhali ina tsugune a gabanta ina ji. Da ina yaro “wancan” take ce mini, da na girma na zama “mutumen Ƙaura”. Sani kuwa auta ne, shi kan gadonta yake zama, su fasa goro ɗaya su raba, su yi ta dariya har a kira salla. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne, kowa ya gaya mini haka tun ina ƙarami. Amma zan faɗa muku gaskiya tun da rubutu ba ya jin kunya: abin ya ci mini rai har na yi furfura. Ina ganin ma shi ya sa na zama mutumin da ba ya iya zama. In na isa gari, tunanina yana kan garin gaba. Uwarku takan ce ko a kan tabarmar cin abinci ƙafata ɗaya tana waje.

A shekarar da nake ba ku labari Inna tana Zurmi, garinsu, a gidan ƙanwata Hajo, inda ta koma bayan rasuwar Baba. Farkon damina ne, an yi shuka, gero ya fara rufe ƙasa. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya, kunnen hagu ya toshe. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce mu riƙa zuwa a kai a kai. Wata Litinin da hantsi na je, na tsuguna bakin ƙofa yadda na saba, na yi gaisuwa, har na fara laluben makullina a aljihu. Sai na ji ta yi wa Hajo magana, fuskarta na kallon bango.

“Hajo, ce ma mutumen Ƙaura, motag ga ta Malam, in da hali, a maishe ta yadda taz zo. Ina son in gan ta kahin in tahi.”

Shekara sittin da 'yan kai ina duniya, wannan ne karo na farko da ta nemi wani abu a wurina ni kaɗai. Ban ma jira Hajo ta maimaita ba.

“Inna, ƙaƙa taz zo? Wane launi gare ta?”

Ta ce, “Goro.”

“Ruwan goro?”

“Goro dai,” in ji ta, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

Shi ke nan hirar. Wani ɗan zai gyara zama ya ce a yi masa bayani. Ni ban san yadda ake yi mata tambaya ta uku ba, ban taɓa kaiwa nan ba. Kuma a raina na riga na gama: ruwan goro kowa ya san shi, launin nan ne mai kama da ɓawon lemo da goro ke bari a haƙoran mai ci. Na tashi, ko furar da Hajo ta dama ban sha ba, kafin azahar ina Ƙaura.

Na birkice akwatin Baba ina neman takardun motar, na tarar gara ta cinye su, saura gefe-gefe. Hoto ɗaya ne, shi ma baƙi da fari, Baba na tsaye ya dafa bonet. Tsofaffin tasha da za su iya tunawa duk sun riga mu gidan gaskiya. Da yamma na buga wa Sani waya a Shinkafi, inda yake sayar da hatsi, na gaya masa saƙon Inna, na ce gobe zan kai motar a kankare ta. Shi kuwa Sani, kafin ya haɗa jimla ɗaya na kai Sakajiki na dawo.

“Yaya, kak ka taɓa motag ga tukuna. Hannun Baba na bisa gare ta. In anka kankare baƙin nan, ina za mu sake samun shi?”

“Inna tac ce a maishe ta yadda taz zo. Ko kai ka hi ta sanin abin da taka so?”

“Ban hi ta ba. Amma ka bari a ci kasuwa ran Alhamis, Juma'a in tahi Zurmi in zauna da ita in ji zancen da tushe. Ka san ni tana yi mani hira. Kai ko gaisuwa da ƙyat.”

Bai faɗa don ya ci mini fuska ba, gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta ƙona ni. Na ce a raina, wato wannan ma sai an bi ta hannun auta? Abu ɗaya da ta taɓa nema a wurina, shi ma sai ya je ya zauna kan gado an fassara masa, ni in zama ɗan aike? Na ce masa Inna ba ta da kwana huɗun da za a yi wasa da su, wanda gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba. Na kashe wayar yana cikin magana.

Washegari da sassafe na tuƙa ta zuwa garejin Bulus. Bulus mutumin Filato ne, Kirista, ya fi shekara talatin a Ƙaura yana fentin motoci, duk lorin da na taɓa ja ya bi ta hannunsa. Mutum ne mai sanyin aiki, irin wanda zai shafa ƙofar mota da tafin hannu ya rufe ido kamar mai duba mara lafiya. Ya zagaya 'Yar Baƙa sau biyu, ya tsaya a kan gashin buroshin nan uku ya taɓa su da yatsa.

“Alhaji, ka tabbata? Wannan aikin tsoho ne fa. In ya tafi, ya tafi.”

Na ce na tabbata, ruwan goro nake so, kuma kwana biyar na ba shi. Ya ce aikin sati uku ne. Na ce to ya ajiye duk wata mota da ke gabansa. Ban tafi gida ba, na jawo benci na zauna a kansa, in tashi, in zauna, in zagaya, in tambaye shi ko ya kusa, alhali ko ƙofa ɗaya bai gama ba. Can wajen hantsi ya kira ni. Ya bi gefen ƙofar direba da sanfefa a hankali, ya cire baƙin wuri kamar faɗin tafin hannu, ya zuba ruwa ya goge. Ƙarƙashin baƙin wani ja ne mai duhu, mai ɗan sirkin shunayya.

“Alhaji, zo ka gani. Ni ina ganin wannan ne kalanta na asali.”

Na leƙa na yi tsaki. Na ce wannan ai jan share fage ne, wanda ake shafa wa ƙarfe don tsatsa kafin a sa fenti na gaskiya, wane lori ne ban gan shi a jikinsa ba?

“Jan tsatsa ba ya sheƙi, Alhaji. Wannan duba yadda yana ɗaukar rana.”

“Bulus, uwata da ta ga motag ga da idonta tac ce ruwan goro. Kai kana ina sa'ad da anka kawo ta?”

Kun ji inda na yi ƙaryar, ko da yake a lokacin ban san ƙarya nake yi ba. Ba ta ce ruwan goro ba. Ni na ce, na maimaita wa kaina a hanya tun daga Zurmi har ya zama nata. Bulus ya ce to in ba shi izini ya bar ko ƙofa ɗaya har a tambayo. Na ce a kankare ta tas har sai ƙarfe ya fito fari. Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya ɗauko abin kankara. Ina tsaye baƙin Baba da jan da ke ƙarƙashinsa suka riƙa zuba ƙasa tare, iska na kwashe su zuwa kwata. Da ya zo kan murfin but na juya baya na tafi sayen rake, don kada in ga gashin buroshin nan suna tafiya.

Sani ya zo ranar Laraba, bai ma jira kasuwar ba, ya bar shago a hannun maƙwabci. Ya tarar da ita tsirara, ƙarfe fari fat, an ciccire fitilu. Ya tsaya ya daɗe. Ya sunkuya ya ɗebi ɓarɓashin baƙin fentin a ƙasa, ya ƙulle a bakin hankicinsa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da na sami abin kamawa.

“Kwana huɗu kaɗai nir roƙe ka, Yaya.”

Ya juya ya nufi tasha. Na bi shi da magana, ban tuna me na ce ba, na dai san ba mai daɗi ba ce.

Ranar Lahadi aka gama. Kada in rage wa Bulus, aiki ya yi kyau, mota ta fito tana walƙiya kamar lemon da aka wanke. Na naɗe tamfol, na sa sabuwar shadda, na kama hanyar Zurmi da hantsi. Lokacin hanyar ba ta lalace kamar yanzu ba, mutum na iya fita shi kaɗai da rana ba tare da gida sun zauna riƙe da waya ba. Masu noma suna ɗagowa daga kunya suna kallo, 'yan acaɓa suna bi na da ham. Ina tuƙi ina shirya yadda za ta yi. Ban sa ran za ta yi mini magana ba, na dai ce wataƙila ta ce wa Hajo, ce ma mutumen Ƙaura Allah shi yi mai albarka, ta ɗan juyo da fuska. Iyakar abin da na je nema ke nan.

Na tsaya daidai ƙofar gida. Sani yana nan, tun Juma'a ya zo, ya ga motar ya sunkuyar da kai. Shi da Hajo suka tallabo Inna zuwa zaure, suka zaunar da ita a kujera inda za ta ga waje. Ta sa hannu ta kare rana, ta duba, ta sake dubawa.

“Hajo, motar wa anka kawo?”

“Inna, ta Baba ta. Yaya yas sa anka maishe ta ruwan goro, yadda kic ce.”

“Ni nic ce ruwan goro?”

Ta kwance bakin zanenta, ta fito da jan goro guda, irin manyan nan da Sani ke kawo mata. Ta sa farce ta ɓare shi biyu, ta ɗaga ɓarin sama. Cikinsa ja ne mai duhu, mai sirkin shunayya, yana ɗaukar rana. Shi ne abin da Bulus ya nuna mini a gefen ƙofa.

“Wanga shi na goro,” in ji ta. “Shekara arba'in ina wanke shi, ina tsince shi, ina jera shi cikin ganye. Wancan da kuka cewa ruwan goro ai tuƙa ta, abin da aka tohwarwa ƙasa. Matar mai goro za ta kira tuƙa goro?”

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ji haushin kaina, har na ji haushinta, Allah Ya yafe mini, na ce da ta ƙara mini kalma uku rannan da duk ba a yi haka ba. Ƙafata ta fara halinta. Na laluba makulli, na ce yanzu zan koma Ƙaura, Bulus zai sake, kwana biyar. Sai ta ɗaga hannu, ba ta dube ni ba.

“Ku kai ni cikinta.”

Sani ya buɗe ƙofar fasinja. Ta girgiza kai, ta nuna ɗaya gefen. Muka dubi juna. Muka ɗaga ta mu biyu, ba nauyi gare ta ko kaɗan, muka zaunar da ita a kujerar direba. Ta ɗora hannu biyu a kan sitiyari, ba irin riƙon wanda bai sani ba. Hannun hagunta ya sauka ya sami giya ba tare da ta duba ba, ƙafarta mai kumburi ta laluba kuloci. Ta ce wa Hajo in zagaya in zauna a ɗaya kujerar. Na zauna. Tun da aka yaye ni ban taɓa zama kusa da ita haka ba, har ina jin ƙanshin man da take shafawa. Ta fara magana tana kallon gilashi, kamar da sitiyarin take yi.

Ta ce shekarar da Baba ya sayi motar, bayan an gama girbi, yakan fito da ita da sassafe su kama hanyar Birnin Tsaba, inda ba kowa sai karan gero. In sun yi nisa sai ya tsaya su yi musanyar wuri. Shi ya koya mata. Ta ce sau bakwai ta tuƙa, tana ƙirge. Ta ce ba ta taɓa jin abin da ya kai wannan daɗi ba a duniya, dogon hancin nan ja yana gabanta, hanya na shigewa ƙarƙashinsa, iska na neman ƙwace mata ɗankwali. A na bakwai wasu masu jakai suka gan su. Mota irin wannan ɗaya ce a ƙasar nan gaba ɗaya, ba wanda zai ce bai gane ta ba. Kafin azahar zance ya kai kunnen kakana, mahaifin Baba, cewa an ga ɗansa a jar mota, mace na tuƙi. Tsohon ya kira shi gaban mutane ya ce ko ya sayar da ita, ko ya kashe wannan launi na 'yan iska, kuma matarsa kada ta ƙara taɓa ta. Baba bai iya sayarwa ba, bai kuma iya kai ta wurin mai fenti a yi masa dariya ba. Ya sayo gwangwani da buroshi, ya shafe ta da kansa a tsakar gida, ita tana ɗaki tana jin warin fentin.

“Ba tuƙin ne yaf hi ba su haushi ba,” in ji ta. “Abin da sunka gani a ɗaya kujerar. Namiji zaune, rungume da ɗanai na hwari bisa cinya, shina yi mai wasa, rana tsaka, ba kunya.”

Ta nuna kujerar da nake kai da haɓa.

“Nan inda kake zaune. Wata tara gare ka. In nit taka mai sai ka yi ta ƙyalƙyata dariya.”

Ban san lokacin da ta koma cewa “ka” ba. Sani ya juya baya ya dafa bango. Duk rayuwata ina zaton ba a taɓa ɗaukata an yi wasa da ni ba, ashe an yi, har sai da aka hukunta su a kai. Baƙin da Sani ke kuka a kansa horo ne aka yi wa Baba, jan da na kira share fage shi ne kwanakinta bakwai, ni kuma na tsaya a kan Bulus har ya zubar da su duka biyu a kwata.

Ta miƙo hannu ta gabana, ta danna ɗan akwatin nan da ke gaban kujerar fasinja, wanda ake ajiye takardu. Ya daɗe da cijewa, ni kaina na manta rabon da in buɗe shi. Ta buga shi da gefen hannu ta wani wuri da ita ta sani, murfin ya faɗo. Ta ce nan take ajiye goronta. Cikin murfin, inda buroshin Baba bai kai ba, inda abin kankarar Bulus bai shiga ba, launin yana nan yadda ya zo, ko ƙwarzane babu. Ta ɗora ɓarin goron a kai. Ba ka iya cewa ga inda goro ya ƙare ga inda fenti ya fara. Ta daɗe tana shafa wurin da babban yatsa, sannan ta juyo ta dube ni, ido cikin ido.

“Ka gani, Umaru? Goro.”

Sau ɗaya ke nan na ji sunana a bakinta. Na kifa kai a kan gwiwata na yi kuka a bakin titi, da furfurata, mutane na wucewa.

A ranar na koma Ƙaura, na kwance murfin na kai wa Bulus. Bai ce ai na gaya maka ba, Allah Ya saka masa. Ya ce irin wannan ja ba a samunsa a gwangwani, sai an haɗa, kuma ruwan goron da ya fesa bai gama kamawa ba, in aka ɗora wani a kai yanzu zai tattare. Sati uku, in ji shi, kamar yadda ya faɗa tun farko. Wannan karon ban yi gardama ba. Ya yi ta gwaji a kan gutsattsarin ƙarfe, ina kai wa Inna Zurmi ɗaya bayan ɗaya, tana cewa Hajo ta gaya wa mutumen Ƙaura wannan ya yi haske, wannan ya yi duhu. Ta koma yadda take, kamar ba a yi komai ba. Na huɗu ne ta ce ya yi. Kwana goma sha ɗaya bayan wannan Lahadin, da hantsi, ina garejin ana shirin fara fesawa, Hajo ta bugo waya, Inna ta cika. Da na bi shawarar Bulus ranar Talatar nan, wanke baƙin kawai za a yi a goge jan da ke ƙasa. Da na ba Sani kwana huɗunsa, da ya zo mini da zancen gaba ɗaya. Ko ta wace hanya da ta gan ta.

Sani bai yi mini magana ba sai a shekara ta biyu, ranar sunan jikar Hajo, ya zo ya zauna kusa da ni ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. Ba mu taɓa tayar da zancen ba. Na san har yanzu ƙullin hankicin nan yana cikin akwatinsa, kuma ban ga laifinsa ba.

Kun sha tambayata me ya sa ban ƙarasa fentin ba, tun da an riga an haɗa shi. Na ce wa Bulus ya bari. Wadda za ta gani ta tafi, kuma ban ga dalilin da zan rufe wa kaina abin da na yi ba. Duk Juma'a in na ɗaga tamfol in tashe ta, ruwan goron nan ne ke fara gaishe ni, na kuwa cancanci gaisuwar. In na mutu motar taku ce, ku yi shawara da Baffanku, ku ba shi duk kwanakin da ya nema. In kun ga ku mayar da ita yadda ta zo, gwangwanin yana ƙarƙashin gadona, ko da yake ina jin ya daskare. Abu ɗaya na hana: kada mai fenti ya taɓa cikin murfin ɗan akwatin nan. Na mayar da shi wurinsa. In kun buɗe za ku ga wani busasshen abu baƙi ya manne a kusurwa, kada ku zaci datti ne ku share. Ɓarin goronta ne.